Adashen Laburare

Da aka ƙara kuɗin jarkar ruwa a rumfar famfo ta unguwar Kansenga, Nsofwa ce ta sha tambaya, don ita ke zama a tagar rumfar tana karɓar kuɗi tana murɗa kan famfo. Ba ita ta yi ƙarin ba. Majalisar gari ce ta ɗora ɗan haraji a kan kowace mitar ruwa, wai don a riƙa kula da laburaren gari. Shugaban kwamitin rumfar, Katongo, wanda ake ce wa Ba Katongo don girmamawa, shi ya zo ya gaya mata, bai ko sauka daga kekensa ba.

"In sun tambaye ki, ki ce na laburare ne."

"Laburare kuma, Ba Katongo?"

"Inda ake ajiye littattafai. Ke dai ki faɗa musu haka."

Haka ta yi ta faɗa, kanta a sunkuye. Nsofwa ba ta iya doguwar magana ba. In mutum ya tsare ta da ido, sai ta kama gyaran tiyon da babu abin da ya same shi.

Matan ba su yi rigima ba a lokacin, kuma Bana Lombe ce ta hana. Bana Lombe, wato uwar Lombe, fanke take soyawa a bakin hanya, ita ce kuma uwar adashen unguwar. Shekara da shekaru mata ke kai mata zubi, ita ke faɗin wadda za ta kwasa, ba a taɓa jin an yi kuka da ita ba. Ta saurari ɗan bayanin Nsofwa, ta gyara ɗaurin zaninta, ta juya ta dubi layin.

"To ai wannan ba baƙon abu ba ne. Kowa ya zuba kaɗan-kaɗan a tara wuri guda. Adashe ne gwamnati ta buɗe. Ku biya, namu zai zo."

Aka yi ta biya. Sanyi ya wuce, zafi ya zo ya gasa kwanon rumfar, sannan ruwan Nuwamba, farkon damina a ƙasar nan, ya sauka, rijiyar bayan coci ta ciko har mutum na iya ɗiba da 'yar gajeriyar igiya. A makon ne Bana Lombe ta zo tagar da safe, babu jarka a hannunta.

"'Yar nan, wa ya kwasa?"

"Kwasar me, Bana Lombe?"

"Laburare mana. Tun sanyi muke zubi, ga shi har an yi shuka. Wace unguwa ta kwasa, wace ke bi mata, mu kuma mu ne na nawa?"

Nsofwa ta sunkuyar da kai. Ta kama tiyo.

"Saki tiyon nan ki dube ni. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin adashen da ake zubi ba a jin sunan mai kwasa ba. In ni na yi wa matan nan haka, da tuni sun kife mini kaskon mai a ka. Ki gaya wa mai keke, sai ran da aka faɗa mana ranar kwasarmu za mu dawo. Rijiya ba ta karɓar zubi."

Washegari layin jarkokin da ke kaiwa har gindin mangwaro ya koma 'yan ƙwaya. Nsofwa tana zaune tana hango matan suna wucewa da bokitai zuwa bayan coci, suna dawowa da ruwa mai kalar shayi da madara, a ajiye shi ya kwanta kafin a sha. Wasu in sun zo daidai rumfar sai su kau da kai, don kunya. Wasu su ɗaga mata hannu.

Ba Katongo ya zo ya duba mita, ya yi tsaki.

"In haka ta ci gaba zuwa ƙarshen wata, rufewa za mu yi. Ba za mu riƙa biyan mai gadin famfo ba alhali babu mai saye."

Ta san abin da rufewa ke nufi. Rumfar unguwar gaba an rufe ta ne wai na damina ɗaya, kafin rani ɓarayi sun kwance kawunan famfon da ƙofar, yanzu awaki ke fakewa a ciki. Innarta kuwa, wadda take zaune a wurinta, ta riga ta faɗa mata ba da faɗa ba: in aikin ya ƙare, ƙauye za ta koma ta taya kaka noman rogo. Nsofwa ba ta ƙi kaka ba, amma ba ta son komawa.

Sai dai ba tsoron kaɗai ke damunta ba. Tambayar ce ta maƙale mata kamar ƙayar kifi. Wa ya kwasa ɗin? In unguwa ta kwashi laburare, yaya ake yi? A babbar mota ake kawo shi? Gida-gida ake rabawa, ko wuri guda ake saukewa? Ita a aji biyar ta bar makaranta, littattafan da ta sani su ne na malam, guda ɗaya a gaban yara huɗu, kuma in an tashi a kulle su a akwati. Ba ta taɓa tunanin akwai gidan da littattafai ne kawai ke zaune a ciki ba. Su waye ke buɗe su? Kuma me ya haɗa su da ruwa?

Ranar Laraba ake ɗauke ruwa a Kansenga. Ta sa rigarta ta zuwa coci, ta hau ƙaramar bas zuwa cikin gari.

Ashe ta san ginin. Tsohon gini ne mai jan bulo kusa da gidan waya, ta sha wuce shi, tana ɗaukarsa kotu. Ta tsaya a ƙofa ta goge laka daga takalminta har sau biyu, ta shiga.

Shirun wurin ne ya fara ba ta mamaki. Mutane cike, amma babu mai cewa uffan, kamar gidan makoki kafin mata su iso. 'Yan makaranta sun kifa kai a kan dogayen tebura. Wasu dattawa na karanta jaridar da aka maƙale a jikin sanda. A kusurwa an jera bokitai uku, rufi na ɗiga a ciki, kuma abin da ya fara zuwa ranta shi ne a nan ma akwai layin ruwa. Bayan duk wannan kuwa ga littattafan, kanta bayan kanta, daga ƙasa har inda hannu ba ya kaiwa.

Akwai benci kusa da ƙofa, wani tsoho na zaune a kai. Nsofwa ta durƙusa ta gaishe shi a hankali.

"Baba, kai ne na ƙarshe?"

Ya gyaɗa kai bai ɗago ba. Ta zauna a gefensa, yadda ake yi a asibiti, tana jiran a kira su. Ta yi ta jira. Ta kalli wata yarinya ta miƙe ta je ta zaro littafi da hannunta, babu wanda ya tsawata mata. Ta kalli wani ya mayar da ɗaya ya ɗauko biyu. Ta ce a ranta wataƙila waɗannan an riga an kira su. Can tsohon ya yi hamma, ya ɗauki lemarsa ya fita. Ashe ruwa yake jira ya tsagaita.

"Ƙanwata, wani kike jira?"

Matar da ke zaune a babban tebur ce ta yi maganar. Tana da furfura kaɗan a gaban goshi, tabarau a kan hanci, tana shafa wa bayan wani littafi gam da ɗan tsinke. A gaban teburin an rubuta sunanta, Kapembwa. Nsofwa ta matso, ta haɗa hannuwa.

"Ba Kapembwa, daga Kansenga nake. Aiko ni aka yi. Wato ba aiko ni aka yi ba, ni na zo. Matan unguwarmu ke tambaya yaushe ne kwasarmu."

"Kwasar me?"

"Ta laburare. Muna zubi a kuɗin ruwa."

Ba Kapembwa ta ajiye tsinken. Ta sa Nsofwa ta maimaita daga farko, a hankali, har zuwa rijiyar bayan coci. Ba ta yi dariya ba, ko da yake bakinta ya ɗan motsa.

"Ai ba a kwasa, ƙanwata. Kuɗin nan shi ke biyan wutar da kike gani, da ni, da jaridun can. Saura kuma rufin. Kin ga da bokitan sun fi haka yawa. Wurin na kowa ne. Yanzu haka da kike tsaye, a cikin naku kike."

Nsofwa ta dubi ƙasan da take tsaye a kai.

"To in na gaya musu haka, cewa za su yi su zo su zauna su yi me? Kuɗin mota ya fi kuɗin jarka. Ba a tafiya da shi gida?"

"Ana tafiya da shi. Mai kati yana ɗaukar littafi uku, ya dawo da su bayan mako biyu."

"Ya je da su gidansa? Ya kwana da su?"

"Ya kwana da su."

"In bai dawo da su ba fa?"

"Shi ya sa sai da takardar kuɗin ruwa ake ba da katin. Ita ke nuna mana gidan mutum, ita ke nuna yana biyan harajin. Kowace mita, kati ɗaya. Ki kawo ta gidanku."

"Ba mu da famfo a gida. Duk unguwar babu mai shi. Mita ɗaya ce, ta rumfa."

Ba Kapembwa ta cire tabarau ta murza ido.

"Da aka zauna aka tsara wannan abu, masu famfo a gida aka tuna," ta ce, kamar da kanta take magana. Ta mayar da tabarau. "Mitar tana da takarda?"

"Tana wurin Ba Katongo."

"To doka ta ce kowace mita. Ba ta ce mitar gida ba. Mutum nawa ke shan ruwan mitar nan?"

Nsofwa ta fara lissafi da yatsu, daga gidan kafinta zuwa layin masu gawayi, sai ta bari.

"Ba su ƙirguwa."

"Ni kati ɗaya zan iya bayarwa. Kuma dole da sunan mutum a kai, wanda zan nema in littafi ya ɓata ko ya faɗa a miya. Rumfa ba ta zuwa ta ba da haƙuri."

Nsofwa ta tuna yaran Kansenga da hannuwansu, ta tuna ɗakunan da ke yoyo, da ɓeraye. 

"A sa nawa," ta ce.

A hanyar komawa ta yi ta juya maganar a bas, tana neman ta inda za ta kama ta. Da yamma ta sami Bana Lombe a gaban kaskonta, mata uku na zaune a kan benci suna jiran fanke ya fito. Nsofwa ta so ta same ta ita kaɗai, amma Bana Lombe ba a samunta ita kaɗai.

"Ga 'yar gwamnati nan. Wannan rigar coci ranar Laraba fa? Miji kika je nema?"

"Laburare na je."

Matan suka gyara zama. Nsofwa ta faɗi abin da ta gani, bokitan da jaridar kan sanda, har da zaman bencin, wanda ya sa ɗaya daga cikinsu ta ƙware da dariya. Sannan ta zo kan katin. Tana faɗin kati ɗaya, dariyar ta tsaya.

"Ɗaya," in ji Bana Lombe. "Duk Kansenga."

"Ɗaya."

"Shi kuma mai gidan sama na kan tudu, wanda daga shi sai karensa, ɗaya."

"Haka ta ce."

"Kun ji ko? Mu da muke ɗaukar ruwa a ka har wuyanmu ya shige ciki, an haɗa mu duka an yi mutum guda da mu. Da ma kin bar mu a rashin sani, 'yar nan, da ya fi mana daɗi."

Ta juya fanken da ƙarfi har mai ya fantsama. Nsofwa ta ga ta ɓata abin da ta zo gyarawa. Ta tsaya tana kallon kaskon, ba ta san ko ta tafi ba. Wata mai suna Bana Chomba, wadda bakinta ba ya zama shiru, ta ce:

"To littafi uku wa za a ba? Ai sai an yi dambe. Ni dai 'yata ce ke da jarrabawa bana."

"Wa ya ce ke za a fara ba?" in ji ta kusa da ita. "Jarrabawar da take faɗuwa duk shekara?"

"Naki ɗan ai ko faɗuwar bai samu ya yi ba, korarsa aka yi."

"Ku yi mini shiru," in ji Bana Lombe. Ta tsame fanken, ta zuba a kwando, idonta na kan wuta amma hankalinta ba ya nan. "Mako biyu kika ce?"

"Mako biyu."

"A dawo da su, a sake ɗaukar wasu uku."

"E."

"Kuma ba ya ƙarewa."

"Ban ga alamar zai ƙare ba, Bana Lombe. Har rufi suka kai."

Bana Lombe ta goge hannu a zani.

"To ai ga adashen nan. Tukunya ɗaya, masu zubi da yawa, kowa ya jira ranarsa. Su can ba su san sunan abin da suka buɗe ba, shi ya sa suka kasa faɗa miki. Abin da ya rage musu uwar adashe ce." Ta ɗaga yatsa kafin wani ya yi magana. "Amma ni ba na riƙe adashen da ban ga tukunyarsa da idona ba. Laraba mai zuwa za ki kai ni."

Samun takardar daga hannun Ba Katongo ya ɗauki kwanaki, don sai da ya tabbatar ba ƙararsa za a kai ba. A kwanakin nan layin bai ƙaru ba. Nsofwa ta yi ta kallon wata yana tafiya.

Ran Laraba Bana Lombe ta ɗaura sabon zani, ta rufe kaskonta, abin da ba ta yi sai in an yi mutuwa. Tana shiga laburaren ta gaishe da kowa da muryar kasuwa, har dattawan jarida suka ɗago. Nsofwa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"A hankali ake magana a nan, Bana Lombe."

"Wani ba shi da lafiya ne?"

Ta tsaya a tsakiyar ɗakin, hannu a ƙugu, ta bi kantocin da kallo ɗaya bayan ɗaya, yadda take duba buhun fulawa kafin ta saya. Ta je ta leƙa bokitan. Ta dawo wurin Ba Kapembwa.

"Ke ce mai riƙon wurin?"

"Ni ce, mama."

"Ki sa a gyara rufin nan. Kayanmu ne ke jiƙa."

"Ana kai, mama."

Aka rubuta katin da sunan Nsofwa, a ƙasa aka sa rumfar famfo ta Kansenga. Bana Lombe ta karɓa ta juya shi gaba da baya, ta miƙa wa Nsofwa, ta ce tun da ita ta rufe kasko ta biya kuɗin mota, kwasar farko tata ce, kuma duk mai ja ta zo ta same ta. Ba ta iya karatu ba, ba ta kuma ɓoye ba. Ta bi kantocin tana zaro littafi tana auna nauyinsa a tafin hannu. Siraran ko kallonsu ba ta yi ba. Ta kinkimo wani ƙato mai baƙin bango da hannu biyu ta dire a tebur.

"Wannan ba ya fita, mama. A nan ake duba shi."

"Don me? Don ya fi kyau?"

"Don kowa na bukatarsa kullum."

"To ki ce akwai na gwamnati a ciki." Ta mayar da shi ba da son ranta ba. Ta zaɓo uku mafiya kauri daga waɗanda ke fita. Nsofwa ta leƙa bangon na sama, ta haɗa haruffan Turancin a hankali.

"Bana Lombe, wannan fa kamar na cututtukan shanu ne."

"To?"

"Ba ki da saniya."

"Ke da kika kwashi adashe kina tambayar kuɗin daga aljihun wa suka fito? Sa mini a leda."

Kafin su isa gida labari ya riga su. Littattafan suka kwana biyu a kan benci kusa da kasko, a cikin leda, mata na zuwa suna ɗagawa suna jin nauyi, sai wadda ta wanke hannu ake bari ta buɗe. A nan Bana Lombe ta shimfiɗa dokarta. Layin kwasa daga bakin famfo yake farawa. Wadda ba ta zubi ba ta kwasa, kuma zubi a tagar Nsofwa ake yinsa. Wadda aka gani da bokiti a bayan coci ta koma ƙarshe.

Ba kowa ya dawo ba. Matan layin masu gawayi suka ce su ba su ga abin da littafi zai yi musu ba, ruwan rijiya kuma bai kashe kowa ba tukuna. Wasu suka yi wayo, su sayi jarka ɗaya ta sha a famfo da rana, su je rijiya da sassafe don wanki. Bana Lombe ta sani, ta yi kamar ba ta sani ba. Amma da yawa sun dawo, ba don sun matsu da karatu ba, sai don babu wadda ke son a ce maƙwabciyarta ta riga ta. Jarkoki suka sake jeruwa, gardama ta sake cika bakin rumfar, yanzu a kan wa ke bin wa.

Ana gobe za a mayar da littattafan, Bana Lombe ta zo tagar da biyu kawai a leda.

"Na ukun fa?" in ji Nsofwa, gabanta na faɗuwa.

"Yana nan lafiya, kar ki suma mini a nan. Ba mu gama shi ba. Ki roƙi matar nan ta ƙara mana kwana."

"Karantawa kuke yi?"

"To da me za mu yi da shi, matashi? Bashi Lombe, maigidana, ke karantawa lokacin cin abincin dare, yana juya mini da yarenmu. Waɗannan biyun mun bi hotunansu, an gama. Na shanun ne ya ƙi ƙarewa. Mun kai wajen kaska. Ke, kin san kaska iri-iri ce? Akwai wadda kunne kawai take so. Jiya mutumin nan har tuwonsa ya huce."

"Ai da kin bar shi haka, tun da babu saniyar."

"In bar kwasata ban cinye ba? A ina aka taɓa yi?"

Nsofwa ta so ta tambayi abin da ke sa kaskar son kunne, amma Bana Chomba ta riga ta turo kai daga baya.

"Ni dai ba zan karɓi biyu ba. Uku aka ce. In shanunki ba su warke ba, ba matsalata ba ce."

Ana cikin haka Ba Katongo ya iso. Ƙarshen wata ya yi. Wannan karon ya sauka daga keken, ya jingine shi, ya buɗe murfin mita ya daɗe yana dubawa. Ya ɗago ya kalli layin, ya sake kallon mitar. 

"Bai kai na da ba," ya ce.

Ya sake leƙa mitar.

"Amma ya wuce na rufewa. A bar ta a buɗe zuwa ƙarshen damina, mu gani." Ya rufe murfin, ya yi gyaran murya. "Bana Lombe, wai a wurin nan akwai littafin kiwon kaji?"

"Ka tambayi 'yar nan, ita ke zuwa."

"Akwai," in ji Nsofwa. Ta gan shi, mai koren bango, a kanta ta biyu daga taga.

"To ni na nawa ne?"

"Kai ba ka cikin layi," in ji Bana Lombe. "Yaushe ka taɓa ɗaukar jarka? Matarka ce ke ciki, bayan matar kafinta. Ka je ka lallashe ta."

Matan suka yi masa dariya har ya hau kekensa. Nsofwa ta murɗa famfo, ruwa ya fara zuba a jarkar gaba. Sai da Bana Lombe ta juya za ta tafi sannan ta samu ta yi tambayar, a hankali, yadda na baya ba za su ji ba.

"Ni fa, Bana Lombe?"

"Ke ce ta ƙarshe. Mai riƙe da kati kullum ita ce ƙarshe, don kar ta kwasa ta gudu."

Nsofwa ta dubi tsawon layin, ta tuna waɗanda ma ba su fito ba tukuna. Kafin a zo kanta, an yi girbi an sake shuka, wataƙila har sau biyu. Amma ita ce mai kai wa da kawowa, kuma bas ɗin Kansenga ba ta tashi sai ta cika, akwai lokacin buɗe su a hanya. Ta tura ledar ƙarƙashin tebur, inda ruwa ba ya fantsama, ta karɓi kuɗin ta gaba.